Jiragen da suka sauka Damagaram, hotunan da suka tsaya Pari

A Turai da Amurka akwai mutanen da ke zuba dukiya wajen tara zanen jiragen sama, irin wanda ake bugawa ƙayyadadden adadi, kowace takarda da lambarta da sa hannun mai zane. Mai karatu zai ce wannan shagalin masu ƙoshi ne, ina ruwan Damagaram da shi. Da ruwanta ƙwarai. Tsakanin 1925 da yaƙin duniya na biyu, birnin Tanimun zango ne a kan hanyar sama da ta haɗa Turai da tsakiyar Afirka, kuma takardun da suka shaida wannan zamani, a kasuwar waɗancan mutane ake cinikinsu.

Lamba biyu da kiriyon

A gindin takardar, ta hannun hagu, akwai lamba biyu da aka rubuta da kiriyon, kamar lissafin ƴan lakwal: 37/500, alal misali. Ta hannun dama sunan mai zanen ne, shi ma da kiriyon. Wanda bai san kan abin ba zai ɗauka wani yaro ne ya ɓata takardar, har ya nemi abin gogewa. In ya goge kuwa, kuɗin ya goge. Lambar ƙarshe tana faɗin yawan kwafin da aka buga duka-duka, ta farko kuma tana faɗin ko na nawa ne wannan da ke hannu. Ma'ana, mutum 500 kaɗai ne a duniya za su iya mallakar irinsa, kuma maɗaba'a ta yi alkawarin ba za ta ƙara ko ɗaya ba.

A da, alkawarin yana da shaida. Akan zana hoton a kan wani faffaɗan dutse mai santsi da alli mai maiƙo, a jiƙa dutsen, tawada ta kama inda maiƙon yake ta ƙi inda ruwa yake, sannan a danna takarda. Kowane launi da dutsensa. Wannan aiki shi ake kira litogarafi. In adadin ya cika sai a kankare dutsen, ta yadda ko mai maɗaba'ar ya yi kwaɗayi babu abin da zai sake bugawa da shi. Daga baya injunan zamani suka karɓe aikin, kuma tun shekarun 1990 kwamfuta da injin fesa tawada suna iya fitar da kwafi na 501 cikin ƴan mintoci. Saboda haka abin da mai saye yake biya yanzu, rabinsa takarda ne, rabinsa amana. Akwai ma ƙananan ƙofofi da ƴan sana'ar suka bar wa kansu: kwafin da aka rubuta wa E.A., wato rabon mai zane, da wanda aka rubuta wa H.C., wanda aka ce ba na sayarwa ba ne amma yakan ɓulla a kasuwa. Duka biyun ba sa cikin lissafin 500 ɗin.

Ingila ce ta fi ƙwarewa a wannan ciniki. Wani kamfani na garin Bath mai suna Military Gallery ya yi shekaru yana buga zanen Robert Taylor, yana kai takardun wa tsofaffin matuƙan yaƙin duniya na biyu su sa hannu. Har an samu takardar da Douglas Bader na Ingila da Adolf Galland na Jamus, waɗanda suka yi yaƙi da juna a sama, suka sa wa hannu tare. Bader ya rasu a 1982, Galland a 1996, kuma daga ranar da mai sa hannu ya kwanta dama, adadin ya rufu da gaske, ba da alkawari ba. A Faransa hukuma ce ta shiga cikin lamarin: tun 1931 ake naɗa masu zane na rundunar sama, masu laƙabin Peintres de l'Air, irin su Paul Lengellé da Albert Brenet.

Kada a ɗauka kowace takarda mai lamba taska ce. Da yawa daga cikinsu, in aka kai su gwanjo bayan shekara ashirin, ba sa mayar da kuɗin da aka saye su. Dillalai ba sa son a faɗi wannan. Abin da ke tsada da gaske shi ne abin da ba a yi niyyar ya yi ƙaranci ba, zamani ne ya cinye ƴan'uwansa ya bar shi shi kaɗai. A nan ne maganar ta iso Damagaram.

Da hanyar sama ta biyo ta Birni

A farkon 1920 ne jirgin sama ya fara ƙetare Sahara, da kumandan Joseph Vuillemin a ciki. A wannan tafiya ce jirgin da ke ɗauke da janar Laperrine ya ɓata hanya ya faɗi, janar ɗin ya mutu cikin rairayi a watan Maris. Bayan shekara biyar Faransa ta sake gwadawa da manyan jirage biyu ƙirar Blériot, masu inji huɗu-huɗu, da nufin su kai tafkin Cadi. Ba su iso Damagaram ba. Ran 10 ga Fabrairu 1925 ɗayansu ya rikito yana tashi daga Yamai, mai kula da rediyo ya mutu, Vuillemin da kyaftin Jean Dagnaux suka ji rauni, aka fasa tafiyar.

Kwana biyu kacal bayan wannan hatsari, ran 12 ga Fabrairu, wani ɗan Baljik mai suna Edmond Thieffry ya tashi daga Buruksel da abokan tafiya biyu, cikin jirgi ƙirar Handley Page mai inji uku da aka raɗa wa sunan gimbiya Marie-José. Ya ratsa hamada, ya biyo ta Gawo da Yamai da Damagaram da Fort-Lamy, wato Njamena, ya isa Léopoldville, Kinshasa ta yanzu, ran 3 ga Afrilu. Kwana 51 ya yi a hanya, alhali abin da ya yi a sama bai wuce awa 75 da ɗoriya ba. Sauran duk gyara ne da jiran kayan gyara. A Buruksel akwai tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa mai sunansa. A watan Nuwamba na shekarar nan kuma jiragen sojan Ingila uku da suka taso daga Masar suka sauka Kano.

Abin lura shi ne, jirgin sama ya san hanyar Damagaram daidai lokacin da mulki yake barinta. Tun 1911 nan ne mazaunin gwamnatin yankin. A 1926, zamanin gwamna Jules Brévié, aka ɗauke babban birni aka kai Yamai. Amma taswira ba ta bin umarnin gwamna. Jirgin wancan zamani ba ya iya dogon zango bai sha mai ba, kuma tsakanin Yamai da Fort-Lamy babu wurin da ya fi dacewa da sauka kamar Damagaram.

Babbar rana ta zo a 1933. Ministan sama na Faransa, Pierre Cot, yana son ya nuna wa duniya ƙarfin sabuwar rundunarsa, sai ya tura Vuillemin, wanda a lokacin ya zama janar, da ayarin jirage ƙirar Potez 25, masu fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya. Sun tashi daga Istres ran 8 ga Nuwamba, jirage 28 suka yi zagayen: Maroko, hamada, Gawo, Bamako, Dakar, Wagadugu, Yamai, Damagaram, Fort-Lamy, har Bangi. Sau biyu suka sauka Damagaram, da zuwa a ƙarshen Nuwamba, da komowa a Disamba. Sun shiga Pari ran 15 ga Janairu 1934 bayan tafiyar fiye da kilomita 20.000. Jaridun Faransa suka kira tafiyar Croisière noire. Garin da ko mota ba ta yawaita cikinsa ba, a ce jirage 28 sun cika masa sama da ruri, ba sai an faɗa ba, ranar babu wanda ya zauna ɗaki.

Daga nan abin ya zama na yau da kullum. Dagnaux, wanda ya rasa ƙafa guda a yaƙin duniya na farko, wanda kuma ya tsira daga hatsarin Yamai, shi aka ba ragamar kamfanin gwamnati mai suna Régie Air Afrique a 1934. Jiragensa ƙirar Bloch 120 suna tasowa daga Alje, su bi ta Gawo, Yamai, Damagaram, Fort-Lamy, Bangi, su kai Barazabil. Ran 23 ga Fabrairu 1935 kamfanin Sabena na Baljik ya buɗe nasa layin daga Buruksel zuwa Léopoldville, kwana biyar da rabi, da jirgi ƙirar Fokker da aka sa wa sunan Thieffry, shi ma yana yada zango a Damagaram. Wasiƙar da a da take bi ta Kano da Ikko, ko ta Kutonu, ta hau jirgin ruwa ta yi makonni, sai ga ta tana isa Marsai cikin ƴan kwanaki.

Zamanin bai daɗe ba. An harbo jirgin Dagnaux a watan Mayu 1940 ya mutu, aka haɗe kamfaninsa da Air France a 1941. Bayan yaƙi aka ƙera manyan jirage masu dogon numfashi, waɗanda ba su da bukatar ƙananan zanguna. Kano, da ke kudu da ƙasa da kilomita 250, ta kwashe cinikin. Damagaram ta koma kallonsu suna wucewa can ƙololuwa.

Abin da ya rage a takarda

Kamfanonin nan sun buga afish, wato manyan takardun talla masu launi da ake liƙawa a bangon tashoshi da biro-biro na Pari da Alje da Buruksel. Ba a sa musu lamba ba, don ba a buga su domin ajiya ba. An liƙa, rana ta ci, an yage. Ƴan kaɗan da suka tsira su ne masu tarawa suke manna wa ƙyalle a baya, suna gogayya a kansu a gidan gwanjo na Drouot. A taswirar da ke jikin wasu, sunan Zinder yana nan da baƙaƙen haruffa tsakanin Niamey da Fort-Lamy, kafaɗa da kafaɗa da manyan biranen nahiyar.

Duk wanda ya ƙura wa irin waɗannan hotuna ido zai ga abu guda yana maimaituwa. Jirgi a sama, babba, yana ƙyalli. A ƙasa, can kusurwa, ɗan ƙaramin mutum bisa raƙumi ko gefen bukka, ya ɗaga kai yana kallo. Ba shi da suna, sau da yawa ba shi da ko fuska. Alhali filin da jirgin zai sauka, hannun wannan mutum ne ya share shi. A ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka, hanyoyin mota da filayen jirgi da aikin dole aka yi su, aka kuma riƙa gyara su: kowane baligi da kwanakin da zai bayar a shekara, ba lada, ba musu. Sai ran 11 ga Afrilu 1946 dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta soke wannan tsari. Masu saran ƙaya, masu cike ramuka bayan damina, masu gangara gangunan mai, babu wanda ya kai musu takarda su sa hannu. Wannan ba dalili ba ne na ƙin hotunan. Dalili ne na karanta su da idon gida, domin abin da mai saye na Pari yake ɗauka ado ne a kusurwa, ga ɗan Damagaram kakansa ne.

Akwai mutum guda da ya zana fuskokin da kyau, shi kuwa ba ta sama ya zo ba. A ƙarshen 1924 ayarin motoci takwas na kamfanin Citroën, masu sarƙa a ƙafafun baya, ya ratso daga Colomb-Béchar a ƙarƙashin Haardt da Audouin-Dubreuil. Wannan ayari ne ya fara ɗaukar sunan Croisière noire, wanda aka ara wa jiragen Vuillemin daga baya. Cikin matafiyan akwai mai zane ɗan Rasha, Alexandre Iacovleff. Ya tarar da Barma Mustafa bai daɗe da hawa gado ba, domin a 1923 ne nasara suka mai da sarautar da suka tuɓe Amadu Ɗan Bassa daga kanta a 1906. Ya zana sarkin, ya zana wani shugaban mahaya na Sarkin Maraɗi, da mata da fadawa da talakawa a duk tsawon hanya, da jan alli da gawayi, kowa da kamanninsa. A 1927 aka buga hamsin daga cikin zanen a Pari, cikin kundi mai suna Dessins et peintures d'Afrique, kwafi 1020, kowane da lambarsa. Hoton sarkin yana ciki da sunan Barma Mata.

Wannan kundi shi ne ƙayyadadden bugu mafi daraja da ya shafi Damagaram. Cikakkensa yakan tashi dubban Yuro a gwanjo, wato miliyoyin Sefa. Kuma adadinsa raguwa yake yi, don wasu dillalai sun gane cewa in suka warware shi suka sai da shafi ɗai-ɗai sun fi samun riba. Ta haka sarkin Damagaram ya rabu da sauran kundin, yana rataye a ɗakunan mutanen da ba su san ko a wace kusurwa ta duniya Birni yake ba.

Tambur da ambulan

Zanen jirgi da talakan Nijar ya taɓa riƙewa da hannunsa, shi ne na jikin tambur, wanda maƙwabta na kudu suke kira kan sarki. Kada ƙanƙantarsa ta sa a raina shi. Tsofaffin tambura aikin gwanaye ne, masu sassaƙa hoto a kan ƙarfe da tsinin alƙalami, layi bayan layi, da gilashin ƙara girma a ido. Kafin a buga dubbai, akan fitar da ƴan gomomin gwaji a takarda mai kauri, mai sassaƙar ya sa hannu da kiriyon. Akwai kuma wani bugu na alfarma, tambur guda a tsakiyar farar takarda, wanda ake raba wa manyan ma'aikata. Waɗannan ƙayyadadden bugu ne na haƙiƙa, sun ma fi na Ingila ƙaranci nesa ba kusa ba, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar da su cikin kayan wani tsohon minista ko darektan gidan waya, magada suna ɗauka katin gayyata ne.

Jerin tamburan da aka fara fitarwa da hotunan ƙasar Nijar a 1926 yana da zane uku: masu jan ruwa a rijiya, kwalekwale a kan kogi, da barikin Zinder. Barikin nan da ke bisa duwatsu yana leƙen Birni, nasara sun sa masa sunan kyaftin Cazemajou, wanda aka kashe a 1898 zamanin Amadu Kuran Daga. Wato a shekarar da aka ƙwace wa Damagaram matsayinta aka sa ta a tambur, kuma ba fadar sarki aka zaɓa ba, gidan bindiga aka zaɓa. Bayan samun ƴancin kai, gidan wayar Nijar ya yi ta fitar da tamburan saƙon sama. Akwai na murnar kafa Air Afrique ta biyu, wadda ƙasashe 11 suka rattaba wa hannu a Yawunde ran 28 ga Maris 1961, ta kuma durƙushe a 2002. Akwai na 1968 mai hoton Potez 25, irin jiragen nan na 1933.

A nan ma akwai tarko. Daga ƙarshen shekarun 1990 kasuwar duniya ta cika da tambura masu sunan Nijar, masu ƙyalƙyali, waɗanda hukumar Nijar ba ta san da su ba, har ƙungiyar gidajen waya ta duniya, UPU, ta rarraba sanarwar cewa na jabu ne. Jirgi mai kyau a jikin takarda da kalmar Niger a ƙasa ba shaidar komai ba ne.

Shaidar gaskiya ita ce ambulan. Ga wanda ya san kan abin, tamburin da aka ɓamɓare daga jikin wasiƙa ya zama maraya. Abin da ake nema shi ne ambulan ɗin ɗungurungum: tambur, da zagayayyen hatimin gidan waya mai cewa ZINDER da kwanan wata, da ƴar takardar Par avion, da hatimin isowa a bayansa. Daga hatimi biyun nan ake lissafa kwanakin da wasiƙar ta yi, a gane ko wane jirgi ne ya ɗauke ta. In ta dace da tashin farko na wani layi, to an yi tsintuwa. Tsararraki na ƴan lakwal, daga cikin masu sha'awar tarawa ma, sun jiƙa ambulan cikin ƙwarya sun ɓare tambur sun liƙa a littafi, suka zubar da abin da ya fi daraja. Rashin sani ya fi dare duhu.

Yawancin wasiƙun da suka tashi daga Damagaram, can inda aka aika su suka tsufa, shi ya sa ake ganinsu a shafukan gwanjo na intanet irin su Delcampe, wasu a kan ƴan gomomin Yuro. Amma wasiƙa tana da zuwa da komowa. Waɗanda suka shigo, zuwa ga tsofaffin soja, da tafintoci, da akawunan kantunan nasara, da attajiran Zango masu hulɗa da Tarabulus da Kano, a Damagaram suka sauka. In akwai sauransu, suna ƙasan akwatunan ƙarfe, tare da takardar fansho da tsofaffin rasit na haraji.

Gara ba ta san lamba ba

Takarda tana shan wuya a wannan ƙasa. Gara ce babbar abokiyar gaba, tana iya shiga akwati ta ƙasa ta mai da shekara tamanin gari cikin damina guda, murfin yana nan lafiya lau. Hunturu yana busar da takarda har ta karye kamar ƙosai ya kwana, damina ta zo ta sa mata tabon laima, rana kuma ta sha launi, ja da rawaya su fara tafiya. Maganin ba mai tsada ba ne: akwatin ƙarfe mai rufuwa sosai, a ɗora shi bisa duwatsu ko benci nesa da bango, a shimfiɗa takardu kwance ba a naɗe ba, a raba su da farar takarda mai tsabta, a riƙa buɗewa ana dubawa. In za a rataya, a bar asalin a akwati a rataya kwafi.

Ɓarna mafi yawa kuwa daga masu kyakkyawar niyya take zuwa. Wani ya ga gefe ya yage sai ya liƙa salatif, bayan shekaru maiƙonsa ya huda takardar ya bar jan tabo da ba ya fita. Wani ya kai shagon hoto a rufe masa da roba mai zafi, yana ganin ya kyauta. Takardar da aka yi wa haka ta mutu ga masu tarawa, ba ta kuma warkewa. Wani ya datse farin gefen da almakashi don hoton ya shiga gilashi, ya datse har da lamba da sa hannu. Shi kuma mai son saye, gilashin ƙara girma kaɗai ya ishe shi kariya ta farko: in ya ga launin ya tarwatse zuwa ƙananan ɗigo-ɗigo a jere kamar na mujalla, to ba bugun dutse ba ne, ko da dillali ya rantse.

Ba a ce mutanen ƙasar Hausa ba su zana jirgi ba. Maginan Zariya da Kano sun sa shi cikin adon bango tare da keke da takobi, masu fentin manyan motoci sun sa shi a bayan akori-kura, kalandar Air Afrique mai kan barewa ta yi shekaru a bangon shagunan tela da biro-biro. Jirgi ba shi da rai, don haka ko gidan da ake ƙyamar hoto ba a cika hana shi shiga ba. Sai dai babu wanda ya sa wa waɗannan lamba. Ruwa ya wanke bango, mota ta tafi bola, kalanda ta zama abin ƙunshe ƙuli-ƙuli. Zanen jirgi mafi girma a ƙasar ma ba a takarda yake ba. Yana cikin Tenere, arewa da duwatsun Termit, inda jirgin UTA ya tarwatse ran 19 ga Satumba 1989 da mutum 170. A 2007 iyalan mamatan, tare da ma'aikata ƴan ƙasa, suka jera baƙaƙen duwatsu suka fitar da siffar DC-10 a kan rairayi, suka kewaye ta da fasassun madubai 170. Daga sama ake ganinta.

Tun bayan rahoton Felwine Sarr da Bénédicte Savoy na 2018 ake ta maganar mai do wa Afirka kayan tarihinta. Wannan magana ba ta shafi takardun nan ba. Ba ganimar yaƙi ba ne. A Pari da Buruksel aka buga su, aka sai da su da halaliyar ciniki, babu dokar da za ta komo da su. Mai so sai ya saya, ko ya nemi kwafi. Neman kwafi kuwa ya yi sauƙi: jaridun Faransa na 1933 suna shafin Gallica na babban ɗakin karatun ƙasar, kyauta, takardun mulkin mallaka suna Aix-en-Provence, kayan jirage suna gidan tarihi na Le Bourget. An kashe kuɗi mai yawa an gyara birnin da filin jirginsa domin bikin Zinder Sabuwa na Disamba 2018. Kuɗin fentin ƴan shataletale ya isa a sayi kundin Iacovleff guda a ajiye a fada, ko a jami'ar da ke ɗauke da sunan André Salifou, ɗan garin da ya rubuta tarihin daular Damagaram ta ƙarni na 19. Kuɗin buhun siminti kaɗan ya isa a tara ambulan masu hatimin Zinder da za su cika bango guda a ɗakin jiran fasinja.

Ɗaya rabin aikin ba na kuɗi ba ne, kuma shi ya fi gaggawa. Ɗalibai ne za su bi gida-gida a Birni da Zango da Garin Malam, su roƙi a buɗe akwatuna, su ɗauki hoton abin da suka tarar ba tare da sun raba kowa da kayansa ba, su kuma zauna gaban tsofaffi da rakoda, su tambayi wa ya share filin, kwana nawa, wane mai unguwa ne ya tara mutane, me mawaƙa suka ce. Wanda ya ga saukar jiragen Vuillemin yana ɗan shekara bakwai, a 1926 aka haife shi.